Mutuwa a caji ofis: iyakar ƙarfin ɗan sanda da dalilin da gaskiya ke ɓacewa a karkara

A ƙarshen watan Mayun 2025 garin Rano ya wayi gari cikin tashin hankali. 'Yan sanda sun kama wani matashi mai gyaran babur da daddare bisa zargin tuƙin ganganci, washegari da safe aka ce ya rasu. Rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta ce an ga jikinsa ya yi rauni ne aka garzaya da shi babban asibitin garin, a can rai ya yi halinsa. Mutanen gari kuwa suka ce duka ne ajalinsa. Matasa suka auka wa caji ofis, suka cinna wuta, suka ji wa DPO, shugaban ofishin, munanan raunuka, shi ma ya cika a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Gidaje biyu suka yi zaman makoki, aka kama mutane da dama.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, tambayoyin da ake yi a majalisu da teburan mai shayi ba sa canzawa. Doka ta ba ɗan sanda damar dukan wanda ya kama? In mutum ya ruga a guje, ya halatta a harbe shi? Idan kuma ya mutu a sel, wa zai yi bayani, kuma a gaban wa? Amsoshin suna nan a rubuce cikin dokokin Najeriya, wasunsu ma da tsauri fiye da yadda jama'a suke zato. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin abin da aka rubuta da abin da ke faruwa da ƙarfe biyun dare a ƙaramin ofishin 'yan sanda na ƙauye, inda babu lauya, babu likita, babu wani shaida sai waɗanda ke kulle.

Kamu daban, tsarewa daban

Yawancin ruɗanin da ake samu ya taso ne daga haɗa abubuwa biyu da doka ta raba. Na farko shi ne kamu, wato lokacin da ɗan sanda ke ƙoƙarin sa mutum a hannu. Na biyu shi ne tsarewa, daga sa'ar da mutumin ya shiga hannu, ko a bayan mota ne, ko a bayan kanta, ko a cikin sel.

A lokacin kamu doka ta yarda a yi amfani da ƙarfi, amma daidai gwargwadon buƙata. Wanda aka ce masa ya zo ofis ya biyo salin-alin, babu dalilin marinsa ko ɗaga masa kulki. Hatta ankwa, doka ta ce ba a sa wa mutum ita sai in ana fargabar zai gudu ko zai yi ta'adi, ko don tsaron lafiyarsa, ko kuma kotu ce ta ba da umarni. Wanda ya zaro wuƙa ko adda kuwa, ɗan sanda na da haƙƙin kare kansa da mutanen da ke wurin. Ma'aunin shi ne irin tirjiyar da aka fuskanta a daidai wannan lokacin. Girman laifin da ake zargi, ko baƙin jinin da mutum ke da shi a gari, ba ya cikin lissafin.

Da zarar tirjiya ta ƙare, izinin amfani da ƙarfi ya ƙare tare da ita. Mutumin da ke ɗaure a ƙasa ba ya cikin halin kamu kuma, ya zama amana a hannun hukuma. Duk wani duka bayan nan, ko don a huce haushin gudun da ya sa aka yi, ko don a sa ya faɗi inda ya kai akuyar, ba shi da gurbi a doka.

Akwai kuma kamun da tun asali bai halatta ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka mai asali tun 1943, ta haramta kama wani a madadin wani, kamar a ɗauke uba ko mata don a matsa wa wanda ake nema ya fito. Ta kuma haramta kama mutum kan rikicin da ba na aikata laifi ba ne, irin su bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Mazaunin karkara ya san cewa bashin taki, rigimar iyakar gona da mayar da kayan toshi suna cikin abubuwan da suka fi kai mutane bayan kanta.

Batun harbi

Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin rayuwa, sai dai ya yi togaciya. Ba a ɗaukarsa a matsayin tauye wannan haƙƙi idan mutum ya mutu sakamakon ƙarfin da doka ta yarda da shi kuma ya zama dole, wajen kare wani daga ta'adi ko kare dukiya, wajen yin halattaccen kamu ko hana tsararre tserewa, ko wajen kwantar da tarzoma. Masu rajin kare haƙƙin ɗan Adam sun daɗe suna cewa wannan ƙofa ta yi faɗi, domin ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 1990 sun ce kisa da gangan ba ya halatta sai in babu wata hanyar ceton rai. Dukiya kaɗai, ko gudu kaɗai, ba su isa hujja ba a wannan ma'auni.

A cikin gida, ƙa'idar da ke tsara amfani da bindiga ita ce Umarnin Runduna mai lamba 237. Tsohon tsarinsa ya ba da damar harbin wanda ke gudu a yanayi masu yawa, har wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya Philip Alston, wanda ya ziyarci Najeriya a 2005, ya yi kakkausar suka a kansa. A wannan shekarar ce kuma 'yan sanda suka kashe wasu matasa shida a unguwar Apo ta Abuja, aka ce 'yan fashi ne, shari'ar ba ta kai ga hukunci ba sai a 2017 da aka yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa. An sabunta umarnin a 2019 zamanin Sufeto Janar Mohammed Adamu, aka karkata shi ga ma'aunin barazanar kisa ko mummunan rauni. Saboda haka yaron da ya yar da babur ya faɗa cikin dawa da gudu, hannunsa babu makami, gudun nasa ba lasisin harbi ba ne.

Abin da jama'a ke kira "a ɗan taɓa shi"

Sashe na 34 na Tsarin Mulki ya haramta azabtarwa da wulaƙanci, kuma babu togaciya a cikinsa. A watan Disamban 2017 aka sa hannu kan Dokar Hana Azabtarwa, wadda ta fayyace abin dalla-dalla: jibga, hana abinci, jona wutar lantarki, ɗaure mutum ko tilasta masa tsayuwar da jiki ba ya jurewa, hana barci, har da barazanar cutar da iyalinsa. Hukuncin na iya kaiwa shekara 25 a gidan yari. In azabar ta kai ga mutuwa, kisan kai ne. Cewa "oga ne ya sa ni" ba ya wanke ƙaramin jami'i, wanda ya ba da umarnin kuma laifinsu ɗaya da wanda ya aikata, shugaban sashen da sakacinsa ya jawo abin ya faru shi ma doka ba ta ƙyale shi ba.

Dokar Shaida ta 2011 ta ce ikirarin da aka samo ta hanyar gallazawa kotu ba za ta karɓe shi ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda Kano ta yi irinta a 2019, Jigawa ma ta yi tata, ta tanadi cewa a ɗauki bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa ko wani da ya zaɓa, a kuma iya naɗarsa a bidiyo. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauya, a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu kuwa kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Laifukan da ke ɗauke da hukuncin kisa suna da nasu tsarin.

Duk waɗannan tanade-tanade manufarsu guda ce, kada mutum ya daɗe a inda ba mai ganinsa sai wanda ya kama shi.

Yadda rai ke fita a sel

Wannan ɓangaren ne aka fi jahilta, kuma shi ne ke sa kowane ɓangare ya rantse cewa shi ke da gaskiya. Ba kullum duka ke kisa nan take ba, ba kuma kullum yake barin tabon da mai wankan gawa zai gani ba.

Idan aka jibgi cinyoyi, ɗuwawu da baya da gora ko kulki, tsokar da ta daddatse takan saki wani sinadari cikin jini wanda ke toshe ƙoda. Fitsarin mutum ya koma kalar ruwan shayi, daga baya ya ɗauke, bayan kwana biyu ko uku ya galabaita ya mutu. Sau da yawa a lokacin an riga an ba da belinsa, sai a ce a gida ya rasu. Buguwa a kai kuwa tana iya jawo zubar jini a cikin ƙoƙon kai, mutum ya tashi ya yi magana garau na wasu awanni, sannan ya kwanta kamar mai barci bai sake tashi ba. Shuri a ciki na iya fasa saifa, musamman ga wanda yawan zazzaɓin cizon sauro ya kumbura masa ita, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a yankunan fadama irin na Hadejiya da Kura. Jinin a ciki yake zuba, ba a ganin komai a waje.

Akwai kuma shaƙewar numfashi ta hanyar yadda aka kwantar da mutum. Wanda aka kifa a kan cikinsa, hannuwa ɗaure ta baya, wani ya danne masa baya ko wuya, ƙirjinsa ba ya samun damar buɗewa. Duniya ta ga haka a Mayun 2020 a birnin Minneapolis na Amurka, lokacin da ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd sama da minti tara. Abin da ya sa aka ɗaure wancan jami'in shekara 22 da rabi shi ne bidiyon da wata matashiya ta ɗauka da wayarta, tare da rahoton likitoci.

Gaskiya ne kuma mutum na iya mutuwa a sel ba tare da an taɓa shi ba. Mai sikila, mai asma, mai ciwon suga da aka raba da maganinsa, mai farfaɗiya, ko wanda ya sha tiramol da yawa har ta sa shi jijjiga, duk suna cikin haɗari. A watan Afrilu zafin Kano da Jigawa kan haura digiri 40, ɗaki mai ƙaramar taga ɗaya da mutum goma a ciki, ga ƙarancin ruwan sha, na iya ƙarasa mai rauni. Don haka idan 'yan sanda suka ce "ya yanke jiki ya faɗi", maganar tana iya zama gaskiya. Amma ba ta rufe zancen, domin wanda aka kulle ba shi da ikon kai kansa asibiti ko sayen magani. Tambayar sai ta koma: yaushe ya fara kokawa, wa ya ji shi, ƙarfe nawa aka fitar da shi? Sakaci ma laifi ne mai hukunci.

Daga ina al'adar ta samo asali

An kafa rundunar 'yan sandan Najeriya a matsayin runduna ɗaya a 1930, daga rundunonin da Turawan mulkin mallaka suka kafa don tabbatar da ikonsu da karɓar haraji. A ƙasar Hausa kuma akwai dogarai da 'yan dokan En'e a ƙarƙashin sarakuna, har zuwa ƙarshen shekarun 1960 da gwamnatin soja ta narkar da su cikin rundunar tarayya. Dattawan da suka yi jam'iyyar adawa ta NEPU ba su manta da bulalar 'yan doka ba. Bayan nan sai dogon mulkin soja, wanda ya ƙara cusa tunanin cewa mai kaki ba a tambayarsa dalili.

Tarihi kaɗai bai isa bayani ba. Abin da ke raya duka a yau shi ne yadda ake bincike. Ofishin da ba shi da kayan ɗaukar zanen yatsu, ba mota mai lafiya, ba kuɗin mai, ba hanyar bin diddigin waya sai an aika hedikwatar rundunar da ke Bompai a Kano ko ta Dutse, hujjar da ta fi masa sauƙin samu ita ce bakin wanda ake zargi. Shi ya sa mai ƙara ne ke biyan kuɗin mai da na fayil, wanda ya biya kuwa yana jiran sakamako. Rahoton Amnesty International na 2014 ya nuna cewa a wasu ofisoshi har akwai jami'in da aka sani da aikin azabtarwa, wani rahoton nata na 2020 kuma ya tattara aƙalla misalai 82 na azaba da kisa a hannun SARS, sashen yaƙi da fashi da makami, tsakanin Janairun 2017 da Mayun 2020.

Sai kuma abin da ba a cika son faɗa ba, wato hannun jama'a a ciki. Wanda aka sace wa shanun huɗa ana gab da damina, shi ne ke cewa ɗan sanda, "Ranka ya daɗe, ɓarawo ba ya faɗa sai ya ji jiki." In aka ba da belin wanda ake zargi washegari kamar yadda doka ta tanada, gari ya ɗauka an ci kuɗi. Sau da yawa ma kafin a kai mutum ofis, 'yan sintiri ko mutanen kasuwa sun riga sun yi masa lilis, ɗan sandan da ya karɓe shi bai rubuta raunukan da ya zo da su ba, bai kai shi asibiti ba, in ya mutu da dare kuma alhakin ya rataya a wuyan ofis.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

'Yan sanda suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Adadinsu bai kai dubu 400 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, har Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ce a 2023 ana buƙatar ƙarin jami'ai dubu 190. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa 27, wani ƙaramin ofishin jami'ai kaɗan ne ke riƙe da ƙauyuka masu yawa. Suna fuskantar ɓarayin shanu a dajin Falgore, 'yan bindigar da ke tsallakowa ta iyakar Katsina, da rikicin manoma da makiyaya a Guri da Kirikasamma. Ana kashe su a bakin aiki, iyalansu kuma su sha wahala kafin a biya su haƙƙi. Sukan ce wanda bai taɓa kokawa da mai wuƙa a cikin duhu ba, yana da sauƙi ya yi maganar ƙarfi daidai gwargwado.

Lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙi kan amsa da cewa duk wannan ya shafi lokacin kamu ne, bai shafi wanda ke kulle ba. Suna ƙarawa da cewa duka ba ya samar da gaskiya, abin da mai duka ke son ji yake samarwa. Wanda aka rataye zai ambaci sunan maƙwabcinsa don a sauke shi, a kamo maƙwabcin, ɓarawon gaske kuma yana kasuwar Wudil ko Maigatari yana cinikinsa. A kotu ikirarin ya rushe, a sallami mai laifi tare da mara laifi. Sukan kuma tuna wa mutane da Mohammed Yusuf, shugaban Boko Haram, wanda sojoji suka miƙa wa 'yan sanda da ransa a Maiduguri a ƙarshen Yulin 2009, ya mutu a hannunsu ba tare da shari'a ba, da abin da ya biyo baya a Arewa maso Gabas.

Ta fuskar addini, hadisi ya tabbata cewa Allah zai azabtar da masu azabtar da mutane a duniya, an kuma ruwaito daga Sayyidina Umar cewa ba a dogara da abin da mutum ya faɗa a kan kansa in an sa shi yunwa, an ɗaure shi ko an doke shi. Wasu malaman Malikiyya sun yi rangwamen a matsa wa wanda ya yi ƙaurin suna wajen ɓarna, masu goyon bayan duka kan kafa hujja da wannan. Amma ko a wurinsu, hukuncin alƙali ne bayan ya duba lamarin, ba na kurtu a bayan ofis ba, dokar ƙasa kuwa ba ta bar wannan ƙofa a buɗe ga kowa ba.

Lokacin zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 an ga bambancin ra'ayi ƙarara. An rushe SARS ranar 11 ga watan, gwamnonin Arewa kuwa suka ce sashen na da amfani a yankinsu saboda matsalar tsaro. Yawancin jihohi sun kafa kwamitocin shari'a don sauraron waɗanda 'yan sanda suka zalunta, Kano da Jigawa na cikin 'yan ƙalilan da ba su kafa ba. Sakamakon shi ne koken mutanen waɗannan jihohi bai samu wani dandalin da aka tattara shi a rubuce ba. Muhawarar 'yan sandan jihohi ma ta nan take ratsawa: masu so na cewa ɗan gari ba zai yi wa ɗan gari abin da baƙo zai yi ba, masu adawa na nuni da zamanin 'yan doka, waɗanda 'yan gari ne.

Tsakanin asuba da azahar

A nan ne yawancin shari'o'in ke mutuwa tun ba a haife su ba. A ƙa'idar duniya, wanda ya shiga hannun hukuma da ƙafarsa ya fito a makara, hukuma ce za ta yi bayanin abin da ya faru, ba iyalinsa ne za su nemo hujja ba. Dokar binciken musabbabin mutuwa da jihohin Arewa suka gada ta ɗora wa majistare alhakin bincikar mutuwar duk wanda ya rasu a tsare. Amma binciken yana buƙatar gawa, likita da lokaci.

Musulmi na gaggauta sutura, kuma haka addini ya koyar. Uban da aka kira da sassafe ya karɓi gawar ɗansa, abin da ke ransa shi ne a yi wanka a sallace shi kafin azahar. In aka ce sai an kai gawar Kano an yi mata tiyata, a jira kwanaki, ga kuɗin mota da na likita, yawanci amsar ita ce, "Kwana ne ya ƙare, mun bar wa Allah." Ƙwararrun likitocin binciken gawa a manyan asibitocin birni suke, ba a asibitin ƙaramar hukuma ba. Wani lokaci ma sai iyali sun sa hannu a takardar cewa ba su da ƙorafi kafin su karɓi gawa, takardar da mai sa hannun ba lallai ya iya karanta ta ba.

Mutane da yawa sun ɗauka binciken gawa haramun ne ko ta halin ƙaƙa. Majalisar manyan malaman Saudiyya a 1976, da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1987, duk sun halatta shi idan ana binciken laifi ne kuma ana buƙatarsa don gano musabbabin mutuwa. Iyali na da damar ƙi, amma ya kamata su san abin da suke sarayarwa.

Bayan sadakar uku sai zaman sulhu. Dagaci ko hakimi, limami da wakilin 'yan sanda su zauna, a ba da haƙuri, a miƙa wani abu na ta'aziyya, a ce a kashe maganar. Magada na da haƙƙin yafewa ko karɓar diyya a Musulunci, ba mai ja da wannan. Sai dai abin da ake bayarwa a irin wannan zama ba ya kusantar diyya, kuma yafewar da aka yi ba tare da an san abin da ya faru ba, ga tsoron masu bindigar da gobe ma su ne a garin, da wuya a kira ta zaɓi. A dokar ƙasa kuma kisa laifi ne ga hukuma, sulhun iyali ba ya ɗauke wa gwamnati nauyin bincike.

Inda ake kai kuka, da abin da ya rage wa talaka

Hanyoyi suna nan. Ana rubuta koke ga Kwamishinan 'Yan Sanda, ko Mataimakin Sufeto Janar na shiyya ta ɗaya da ke Kano, ko sashen karɓar ƙorafi da rundunar ta buɗe a 2015. Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda na da ikon ladabtarwa da kora. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, na da ofisoshi a jihohi, tana iya shiga wuraren tsare mutane ta kuma yanke diyya. Hukumar ba da tallafin lauya kyauta na nan tun 1976. Sashe na 46 na Tsarin Mulki ya ba da damar shigar da ƙarar tauye haƙƙi a Babbar Kotu kai tsaye.

Kowace hanya da ƙayarta. Koken da aka kai wa 'yan sanda, 'yan sanda ne za su binciki abokan aikinsu, abin da jama'a suka fi gani kuma shi ne canjin wurin aiki. Gurfanarwa kan kisa sai ta bi ta ma'aikatar shari'a. Ko kotu ta yanke diyya, karɓo kuɗin daga asusun hukuma wani dogon yaƙi ne, domin doka ta ce sai da amincewar Antoni Janar. Yawancin ofisoshin suna Kano ko Dutse, manomin Doguwa ko Birniwa zai kashe kuɗin mota sau da yawa kafin a kira fayil ɗinsa.

Tanade-tanaden da suka fi kusa da hana mutuwar tun farko su ne aka fi yin sakaci da su. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce a sanar da dangin wanda aka kama ba tare da an caje su ko sisi ba, kowane babban ofishi a samu jami'in da ya karanci lauya don sa ido kan haƙƙin tsararru, majistare kuma ya riƙa ziyartar ofisoshin yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar kamu, ya ba da beli inda ya dace. Dokar Hana Azabtarwa ta ba tsararre haƙƙin likitan da ya zaɓa ya duba shi. Inda ake yin waɗannan, jami'in kirki ma yana samun kariya, domin rajista da takardar likita ne za su wanke shi ranar da aka yi masa ƙazafi.

Ga iyali, awannin farko ne ke da nauyi. Dangin da suka je ofis da wuri tare da mai unguwa ko wani mai mutunci, suka ga ɗansu da idonsu, suka sanar da jami'in da ke kanta cewa yana da sikila ko asma suka kuma kai maganinsa, sun rage haɗarin sosai. In ta Allah ta kasance, hoton gawa kafin wanka, takardar likitan da ya fara karɓarta da lokacin da aka kawo ta, da sunayen waɗanda suka kwana sel ɗaya da mamacin, su ne abin da lauya zai fara tambaya. Ƙona ofis kuwa yakan haɗa da rajistar da ke ɗauke da lokacin kamu da sunan wanda ke bakin aiki, shaidun da ke sel su watse, matasan da ya kamata su ba da shaida su koma waɗanda ake nema. Garin yakan daɗe babu jami'an tsaro, daga bisani kuma a ce jama'a su haɗa kuɗi a sake gina ofishin.